Jinin da Bai Taɓa Shan Taba Ba

Ranar Litinin da safe aka bugo waya caji ofis, wai an yi sata a cibiyar binciken magunguna da ke bayan babban asibiti. Sufeto ya tambayi abin da aka sace. Aka ce masa kwalba.

"Kwalbar me?"

"Ranka ya daɗe, 'yar ƙarama ce, ba ta kai ɗan yatsa ba."

Sufeto ya tsaya ya shanye shayinsa tukuna, don shi ba mutum ne da zai ƙona harshe saboda kwalba ba. Sannan ya kira Saje suka tafi.

Shugaban cibiyar ne ya tare su a ƙofa, wani mai tumbi da tabarau, yana ta sharce gumi duk da sanyin da ke wurin. Tun kafin a gaisa ya fara bayani.

"Sufeto, kwalbar nan aikin shekaru ce. Ƙwayar cuta muka kama, irin wadda ake kira bairos, muka kwashe mata kayan ciki masu cutarwa, muka bar ɓawon. Ɓawon nan furotin ne. Muka yi ta gyara masa siffa har ya koyi hanyar zuwa ɓargon mutum. Sai a ɗura masa magani, ya kai wa masu ciwon sikila."

"Wato kun kama ɓarawo kun mai da shi ɗan aike," in ji Sufeto.

"Kusan haka."

"Ga shi yanzu an sace ɗan aiken. Wa ya ƙirƙiro shi?"

Shugaba ya gyara tabarau. "Ni ne. Da taimakon yarana, ba shakka."

Sufeto ya dube shi daga sama har ƙasa.

Ɗakin gwajin fari tas, sai ƙugin injuna. An fasa gilashin ƙofar. A kan tebur, kusa da wani ɓallen gilashi, ga ɗigon jini nan a jere, zagaye-zagaye, kai ka ce da gangan aka yi wa teburin ado. Sufeto ya duba ƙasa, ya duba mariƙin ƙofa, ya duba hanyar fita. Babu ko ɗigo.

A kusurwa akwai wata ƙatuwar firiza wadda sanyinta ya fi na kowace firiza ta gida nesa ba kusa ba.

"Wa ya rufe ta?"

"A rufe muka same ta, har da sakata," in ji Shugaba. "Da an bar ta a buɗe, da komai na ciki ya lalace."

"Sauran kwalayen da ke cikinta fa?"

"Kowanne yana inda yake."

"Saje, ka ji ɓarawo mai tarbiyya. Ya fasa ƙofa, ya yanke, jininsa ya zuba a wuri ɗaya tak don kada ya wahalar da mai shara, ya rufe firiza, ya tafi."

Suka fita wurin maigadi. Shi kuwa bai ɓoye komai ba. Ya ce ranar Asabar da rana, lokacin da babu kowa, direban cibiyar ya shigo da jar hularsa, ya jima, ya fita.

"Ka tabbata shi ne?"

"Hular tasa ce. Fuskar ma tasa ce. Sai dai bai tsaya ya roƙi ashana ba, kuma wannan kam bai taɓa faruwa ba."

"Me kake nufi da fuskar ma tasa ce?"

Maigadi ya yi murmushi. "Ai su biyu ke amfani da ita, ranka ya daɗe."

To, ashe 'yan biyu ne a cibiyar, kamar an tsaga kara. Ɗaya ya yi karatu har ya ƙure shi, shi ake ce wa Dakta, kuma a ɗakin nan na bairos yake aiki. Ɗayan ya tsaya a hanya, ya koyi tuƙi, shi ne Direba. In ba ka ga farar riga a jikin wannan ba, ko ka ji warin taba a jikin wancan, to sai dai ka yi sallama ka jira ka ji wanda zai amsa.

Aka fara kiran Direba. Ya shigo da hannun dama a naɗe da bandeji.

"Me ya sami hannun?"

"Murfin mota ne ya datse ni, oga. Tun ranar Juma'a."

"Ina kake ranar Asabar?"

"Gida. Barci."

"Yini guda?"

"Ni mai nauyin barci ne, oga."

"Ina jar hularka?"

Direba ya shafa kai, kamar yana sa ran zai same ta a can. "Ta ɓata. A ɗakin Mama na bar ta, ban sake ganinta ba."

Da aka kira Dakta, ya shigo a natse, hannun rigarsa a rufe har wuyan hannu. Ya ce shi ma yana gida ranar, yana karatu, maiɗakinsa ta yi tafiya. Ya miƙa hannuwansa tun ba a tambaye shi ba. Babu ko ƙwarzane.

"Kana zargin ɗan'uwanka?"

Dakta ya sunkuyar da kai. "Ni na sama masa aikin nan, Sufeto. Kada ka sa in yi magana a kan jinina."

"Ba ka yi ba," in ji Sufeto. "Amma kuma ba ka ƙi ba."

Kafin la'asar Saje ya dawo da labari. Maƙwabta sun ce Direba bai yini a gida ba ranar Asabar. Ƙarya ta fito, ga rauni a hannu, ga shaidar maigadi. Aka sa shi a mota sai caji ofis. A bayan kanta ya ce wallahi motar cibiyar ya ɗauka a ɓoye yana jigilar fasinja daga tasha, shi ya sa ya yi ƙarya, don kada a kore shi. Aka ce ya kawo fasinjan su yi shaida. Yo ina zai gan su? Kowa ya sauka ya kama gabansa.

Bayan 'yan kwanaki sakamakon jini ya fito daga ɗakin gwajin 'yan sanda. Abin da ake kira DNA, wato rubutun halitta da ke cikin jinin kowane mutum, ya yi daidai da na Direba. Ya kuma yi daidai da na Dakta. 'Yan biyu irin waɗannan rubutu ɗaya aka yi musu, ba a sake ɗaukar alƙalami ba.

Babban oga ya ce to me ake jira? Ɗaya mai rauni ne, maƙaryaci. Ɗaya likita ne. A kai mai raunin kotu. Kuma kowa ya san in aka kai shi, zai daɗe bai ga titi ba.

A kan bencin caji ofis kuwa akwai wata tsohuwa da ta mai da wurin gidanta. Uwar 'yan biyun ce. Kullum tana nan, da sandarta da butarta. Ranar ta tare Sufeto.

"Ɗan nan, tsaya. Wannan da kuka kulle, ni na haife shi. Hayaƙi kam yana yi kamar an kunna bola. Ƙarya ma in ta kama yana taɓawa. Amma ba ya sata."

"Ɗayan fa, Mama?"

Ta kalle shi kamar ya tambaye ta ko rana na fitowa. "Wannan ai likita ne."

"Yana zuwa gaishe ki?"

"Ranar Juma'a ma ya zo. Shi da bai cika zama ba, ranar har ɗakina ya shiga ya daɗe."

"Allah ya yi masa albarka," in ji Sufeto.

Akwai kuma wata 'yar magana da mai gwajin 'yan sanda ya faɗa wa Sufeto a tsaye, wadda babban oga bai tsaya ya saurara ba. Wai jinin nan na kan tebur akwai wani sinadari a cikinsa mai hana jini daskarewa. Jinin da ya fito daga rauni ba ya zuwa da irin wannan.

Sufeto ya koma cibiyar shi kaɗai. Bai nemi Shugaba ba. Ya bi dogon barandan har ƙarshe, inda aka cusa wata mata a wani ɗan ɗaki kusa da banɗaki. Ita ma likitar bincike ce, siririya, mai kaifin ido, amma a cibiyar Mai Ɗigo ake kiranta. A kan teburinta ga 'yan kwalabe birjik masu murfi ruwan hoda mai duhu.

"Waɗannan na mene ne?"

"Na ɗibar jini. Akwai sinadari a ciki, ba ya barin jinin ya daskare. Duk wanda ya yi aiki a nan, ko cikin barci aka ce ya ɗebi jini, ita hannunsa zai ɗauko."

"Madalla. Wa ya sa miki Mai Ɗigo?"

"Dakta." Ta ɗan yi dariya, ba ta jin daɗi ba. "Ya ce su suna gina magani, ni ina ƙirga kashin ƙuda."

"To nuna mini kashin ƙudan."

Ta gyara zama. "An ce rubutun halittar 'yan biyu iri ɗaya ne. Gaskiya ne. Amma rayuwa tana bin rubutun nan tana sa masa ɗigo. Mu muna ce wa ɗigon metil. Inda ya sauka, sai wurin ya yi shiru, jiki ya daina karanta shi. Shekaru suna sa nasu, ciwo yana sa nasa. Taba kuwa akwai wani wuri da take goge ɗigon, kuma ko mutum ya daina, tabon yana daɗewa. Na'urar da na haɗa tana karanta wannan daga ɗan jini kaɗan."

"Wato haihuwa ɗaya, amma kowa da abin da ya yi da kansa."

"Shi ke nan."

"Kin taɓa gwada 'yan biyun nan?"

"Direba dai ya ba ni jininsa, har yana cewa a ƙarshe tabarsa ta yi wa ilimi amfani. Kowa a nan ya bayar, har Shugaba da ke tsoron allura. Dakta ne kawai ya ce jininsa ba na wasan yara ba ne. Ko sau ɗaya bai taɓa zama ya ji bayanin aikina ba."

"Shugaba ya ce shi ya ƙirƙiro abin da aka sace."

Mai Ɗigo ta taɓe baki. "Shugaba ko murfin kwalbar bai san yadda ake buɗewa ba. Aikin Dakta ne daga farko har ƙarshe. Amma da aka zo neman shaidar mallakar ƙirƙira, sunan Shugaba ne a kai. Na Dakta bai fito ko a gindi ba."

Sufeto ya tambaye ta yadda ake fitar da irin wannan kwalba daga gini. Ta ce sai a cikin kula ta musamman, da busasshiyar ƙanƙara mai hayaƙi, in ba haka ba kafin a kai bakin titi ta mutu. Ya sa ta duba. Kuloli suna nan cif. Ƙanƙarar ma ba wanda ya ɗiba.

Yana fitowa sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar firiza a lungun baranda, ƙanƙara ta yi mata gemu ta ko'ina. Ta ko'ina, ban da bakin ƙofar. Nan kam an ɓamɓare ta, kuma ba da daɗewa ba.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa. Tsofaffin kaya ne da suka gama aiki, zubarwa kawai suke jira. Na manta rabon da in buɗe ta."

"Kada ki buɗe," in ji Sufeto. "Bar ta ta huta."

Washegari aka ɗebi jinin 'yan biyun a gaban mai gwajin 'yan sanda. Dakta ya naɗe hannun dama ya miƙa.

"Na hagu," in ji Sufeto.

"Duk ɗaya ne ai."

"To tunda ɗaya ne, ba mu na hagu."

A lanƙwasar gwiwar hannun hagu akwai wani tabo da ya fara komawa rawaya, da ɗan bakin allura a tsakiya. Wanda ya soka wa kansa allura da hannu ɗaya, ko shi waye, sai ya bar shaida. Dakta ya ce sauro ne. Sufeto ya ce lallai sauron nan ya yi karatu.

Aka ba Mai Ɗigo jini kashi uku ba suna, na Direba, na Dakta, da na kan tebur. Mai gwajin 'yan sanda yana tsaye a kanta har ta gama.

Ranar da sakamako ya fito Sufeto ya tara su a barandan cibiyar, kusa da tsohuwar firizar. Aka kawo Direba daga caji ofis, ya rame, gemu ya tsiro. Tsohuwa ma ta biyo su, ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya isa ya hana ta.

"Malama, faɗa musu," in ji Sufeto.

"Kashi ɗaya na mutumin da ya daɗe yana shan taba ne. Sauran biyun na mutum ɗaya ne, kuma bai taɓa sha ba. Ɗaya daga cikin biyun shi ne na kan tebur."

Direba ya juya ya dubi ɗan'uwansa.

Dakta ya yi 'yar dariya. "Da wannan abin wasan za ku je kotu? To ko da jinina ne, a nan kowa yana hulɗa da jini. Wani ne ya ɗauko ya zuba."

"Daga ina?" in ji Mai Ɗigo. "Ai ka hana ni. Duk ginin nan babu jininka sai wanda ke jikinka."

"Ina kwalbar? Kun same ta a hannuna? Ku je ku bincike gidana."

"Ba sai mun wahala ba," in ji Sufeto. "Mun gama da wannan maganar. Yanzu taimako za mu yi wa Malama, ta ce kayan wannan firizar shara ne. Saje, cire mata waya. Ka buɗe ƙofar ta sha iska."

Saje ya fizge wayar daga bango, ya wangale ƙofar. Farin hayaƙi ya yi ta kwararowa ƙasa. Sufeto ya jawo kujera ya zauna, ya shiga tambayar Shugaba yadda ake kiwon ɓerayen gwaji, da abin da suke ci, da ko suna cizo. Shugaba yana amsawa yana rarraba ido.

Firizar ta fara kuka, ɗit, ɗit, ɗit. Ruwa ya fara ɗiga daga gemun ƙanƙarar.

Dakta bai dubi firizar ba. Ya dubi rufi, ya dubi takalminsa, ya dubi agogo. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Saje, fito da kwalayen ka jera su can bakin taga, inda rana take."

Saje ya ɗauko na farko, ya ɗauko na biyu. Da ya zura hannu can baya ya jawo wani ɗan farin kwali, sai Dakta ya yi tsalle.

"Ajiye shi! Kai, mai da shi! Zai narke!"

Ya fizge kwalin, ya ruga da shi ɗakin bairos, ya cusa a babbar firiza, ya rufe, ya sa sakata. Sannan ya juyo. Duk suna tsaye a bakin ƙofa suna kallonsa.

"Ka rufe da kyau?" in ji Sufeto. "Kamar ranar Asabar?"

Dakta ya zauna a ƙasa, bayansa jingine da firizar.

"Aikina ne," ya ce. "Ƙuruciyata na zuba a cikinsa. Wannan mutumin ya zo ya ɗora sunansa a kai kamar ya sayi akuya. Akwai wata cibiya da ta ce in zo da shi, da sunana. Jira nake ƙura ta lafa in fitar."

"Wannan tsakaninka da Shugaba ne, kuma shi ma akwai inda za a tambaye shi," in ji Sufeto. Shugaba ya cire tabarau ya hau goge shi. "Hular fa? Jinin fa?"

"Na ga hannunsa a naɗe ranar Juma'a, sai dabarar ta zo mini. Na lissafa cewa kotu ba za ta iya raba mu ba. Jini ɗaya, mutum biyu. Dole a ƙarshe a sake shi."

"A ƙarshe," in ji Direba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Yaya, ko sau ɗaya ba ka zo ka ga inda nake kwana ba."

Dakta bai ɗago ba.

Tsohuwa ta matso da sandarta, ta tsaya a kansa. Ta daɗe tana kallon farar rigar.

"Tun kuna cikin zani ban taɓa rikita ku ba," ta ce. "Kowa ya kasa, ni ina ganewa. Ashe duk shekarun nan ban san wanda zan sa wa ido ba."

Saje ya ciro ankwa. Dakta ya miƙa hannu da kansa, ya dubi Mai Ɗigo, karon farko a ido.

"Kada a bar shi ya narke. Don Allah."

"Ba zai narke ba," ta ce. "In na gama ƙirga kashin ƙuda zan riƙa leƙa shi."

Aka cire wa Direba tasa ankwar. Yana murza wuyan hannu ya ce, "Mama, kin gani ko? Tabar da kike zagina a kanta, ita ta wanke ni."

"Ta wanke ka, yanzu saura ta kashe ka. In na sake ganinta a bakinka, ni zan kai ka caji ofis da kaina."

Suka rako su har bakin mota. Saje ya buɗe ƙofar baya, Dakta ya sa ƙafa. Sai Direba ya tuɓe rigar sanyin da ke jikinsa, wadda ta sha kwanan caji ofis ta sha hayaƙi, ya yafa wa ɗan'uwansa a kafaɗa.

"Tana wari, amma za ka neme ta," ya ce. "Ka kwanta kusa da ƙofa. Can ciki ruwa yana tsattsafowa."

Sufeto ya shiga gaba, ya ce wa Saje, "Mu je."